Gawayin Maƙeri da Doyar Kaka

A gidanmu na Barkin Sale, bayan magariba Kaka kan hura wuta a tsakar gida ta ɗora doya. Mu jikoki mu kewaye ta, ido a kan doya, kunne a kan tatsuniya.

A shekarar da likita ya ce Baba na da ciwon suga, cewa ya yi ya rage tuwo. Shi kuwa tsoro ya sa ya daina gaba ɗaya. Ba tuwo, ba doya, ba shinkafa, ga magani yana sha. Ya rame, har rannan jiri ya kwashe shi a kan babur ɗinsa na haya a Tunga. Kaka ta damu ƙwarai, amma Baba ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa.

Wani dare yana zaune a tabarma nesa kaɗan, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, ga ta nanku. Kai maigidan, rufe baki kada ƙuda ya faɗa," ta ce da ni.

Wai an yi wani maƙeri mai haɗama, ya tula gawayi har wuta ta cinye masa rumfa. Ya rantse shi da gawayi har abada. Kullum sai ya zauna yana zuga toka, ƙarfe ya ƙi yin ja. Damina ta zo, babu fartanya ko ɗaya a garin. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, gawayi bai ƙona maka rumfa ba, hannun mai zubawa ne. Zuba cikin tafi ɗaya ka gani."

Kaka ta kankare doya, ta gutsuri ɗan yanki ta miƙo mini. "Kai wa mutumin can. Ka ce tafi ɗaya ne."

Baba ya daɗe yana kallon doyar. Sannan ya ce, "Na ji, Inna," ya ci. Washegari ya koma asibiti, aka nuna masa malmala daidai dunƙulen hannunsa, da miyar ganye mai yawa.

Da ina ɗauka labarin maƙeri ne kawai. Bara likita ya karanta mini takardar gwajina, ya ce ni ma ciwon suga ne, na dawo gida na ture kwanon tuwo don tsoro. Baba, da furfurarsa, ya gutsuri rabi ya turo mini.

"Tafi ɗaya ne," in ji shi. Na ci, ina kewar Kaka.