Begilar da Hajiya ta wanke

Allah ya ƙara wa Turawan Landan basira, su kaɗai suka gano cewa dauɗa ma tarihi ce.

Na tsinci wata tsohuwar begila ta jan ƙarfe a kasuwar Woolwich, irin ta da mai maɓallai, ta yi baƙi ƙirin. Na yi booking, wato na kama rana, wurin wani tsohon maƙerin kayan busa don ya gyara maɓallan ta yi sauti.

Kafin ranar, Hajiya mahaifiyata, da ta zo mana ziyara daga Kano, ta dirje ta da tsamiya da toka har tana ɗaukar ido.

Maƙerin na gani ya dafe kai. Wai an goge mata shekarunta, shi ba zai taɓa ta ba.

Na fassara wa Hajiya, da ta rako ni shagon. Ta ce, "Kai, tambaye shi, abin da za ka sa a baki ne zan bari da yawun kakan wani?"

Bai yi dariya ba. Ni kuwa na ja kujera na zauna. Wanda ya tashi a kasuwa ba a sallamarsa da "sorry". Sai da ya tashi rufe shago ya karɓa yana ƙunƙuni.

To jama'a, begila don busa aka ƙera ta, ko don ajiyar tsatsa?