Ranar da Aka Kaɗa wa Ordinatar Ƙuri'a

Ban taɓa mantawa da ranar da manoma tara suka zaɓa mani na'urar aiki da ɗaga hannu ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku saurara, don ni na sha kunya a ranar.

Lokacin riƙon ƙwarya ne, sojoji sun ce za su miƙa mulki, ƙasa duk ta kamu da zazzaɓin zaɓe. Ina aiki a wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma, buronmu, wato ofishinmu, a Agye, membobinmu tun daga Gangara har Gidan Rumji. Ni ne informatisiyen, wato mai kula da ordinatar, kwamfuta ke nan, kuma ni ake zagi in imprimanti ta ƙi buga takarda.

Wata safiya cikin bazara kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi ya ƙone tsohuwar na'urar teburinmu. Ga aiki biyu a gabanmu. Ni zan rubuta ɗan logisiyel, wato manhaja, da zai jera sunayen membobi ƙauye-ƙauye, don rabon irin gero da wake kafin ruwan shuka. Ƙauyen da bai shiga jerin ba, ba shi da iri a daminar. Madam Rabi kuma, mai zana mana afish na sanarwa, za ta haɗa katin kowane memba da hotonsa. Aka ce za a sayi sabuwa, irin ta ɗauka a hannu, guda ɗaya tal.

Ƙa'ida ita ce in rubuta irin na'urar da ake buƙata, darakta ya sa hannu. Amma daraktanmu, Mushe Ibro, wato Malam Ibro a Faransance, ya dawo daga wani taro a Yamai da sabon yare.

"Zamanin kama-karya ya wuce, Sani," in ji shi. "Kwamitin manomanmu tara ne zai zaɓa."

Dalilinsa kuwa, ya ga wata na'ura fara siririya a hannun wani baƙo a taron, tun daga nan ba ta fita ransa ba, kuma ya san ba zan rubuta ta ba.

Ƴan takara suka zama uku. Ta darakta fara, mai sistem nata na daban. Tawa baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, batirinta na daɗewa, zan sa mata Linuks, sistem na kyauta da muke rubuta logisiyel a kansa. Sistem, ga wanda bai sani ba, shi ne abin da ke tafiyar da na'urar duka. Madam Rabi ta ce ita sai mai faɗin allo da sistem ɗin da ke kowane buro, don a kansa kayan zanenta ke aiki, kuma shi mai ɗab'i na Maradi ke karɓa. Sati biyu muna kamfe. Na bi ƴan kwamiti da shayi, ita ta bi su ta wajen matansu. Gaisuwa ma muka daina, ga teburanmu na kallon juna.

Ran Laraba aka zauna. Wani ɗan kasuwa mai sayar da na'urori, Malam Hamisu, ya zo daga Maradi ya jera ukun a tebur. Na tashi na yi jawabi a kan girman ƙwaƙwalwa da saurin inji da ƴancin Linuks, rabi Faransanci. Kafin in gama mutum uku na gyangyaɗi. Darakta ya ɗaga tasa da yatsu biyu, ya ce martabar ƙungiya ce.

Sai Alhaji Na-Allah, wakilin Gidan Sori, tsoho Bagobiri wanda bai taɓa danna ko harafi ɗaya ba, ya yi gyaran murya.

"Malam Hamisu, in ba kuran, wacce ta hi jimawa?"

"Baƙar, Alhaji."

"In an ɗaura ta bisa moto aka bi yashin garinmu, wacce ka isa da rai?"

"Ita dai."

"Waccan hwarar, in ta lalace, wa ka gyara ta Maradi?"

Hamisu ya sosa ƙeya ya ce sai dai a aika nesa. Darakta ya ajiye ta a hankali.

"Tana rubuta Hausa da ƙugiya? Don bara kun rataya mana ƙyalle wai barka da zuwa manyan baki, gaban prefe, wakilin gwamnati."

Aka fashe da dariya. Madam Rabi ta ce wannan laifin tsohuwar na'ura ne, duka ukun suna iyawa in an sa musu haruffan. Ni har na fara gyara zama, ganin tawa ta ci. Sai Madam Rabi ta miƙe ta ce in aka sa Linuks, to wani ya zo ya yi katin, ita ba ta iya aiki a kansa, kuma ba ta da wata biyun koyo. Aikinta ne ke shirin suɓucewa.

Alhaji ya dube mu, ya dubi Hamisu. "Kai, dole sai guda ya mutu kana guda shi rayu? Ba a zuba sistem ɗin duka biyu cikin baƙar?"

"Ana yi mana, Alhaji," in ji Hamisu da fara'arsa. "A raba cikinta biyu, in ka kunna ka zaɓi wanda kake so. Ai Mushe Sani ya fi ni sani, shi ya koya mani."

Madam Rabi ta juyo ta kafe ni da ido.

"Sati biyu ka san da wannan?"

Na ce ai ba a tambaye ni ba. Alhaji ya ce, "To ga shi an tambaye ka, ɗana." Gaskiya na sani tun ranar farko. So nake in ci zaɓe, in ga ta durƙusa tana koyon abina.

Aka ɗaga hannu. Baƙar ta samu takwas. Ɗayan ya ce duk da haka farar ta fi kyau a ido, ya zaɓe ta. Darakta, da ba shi da ƙuri'a, ya sanar cewa dama ra'ayinsa ke nan tun farko. Aka ƙara wa Madam Rabi babban allo na tebur, da sharaɗin ni zan haɗa mata.

Washegari na raba cikin na'urar tana tsaye a kaina, tana duba ko na ba kaina kaso mafi girma. Na ba kaina kuwa, ta sa na sake. Safe tawa, daga azahar tata. Jerin sunaye ya fita kwana shida kafin ruwan farko, kowane memba da katinsa.

Abin da na koya shi ne, mu masu wannan sana'a mun iya ɓoye amsa mai sauƙi a cikin manyan kalmomi in muna son a yi namu. Shi ya sa in ɗayanku ya kawo mani takardar sayen na'ura, ba na fara duba lambobin. Tambayata ita ce wa zai yi aiki da ita ban da kai, kuma me ya ce. In ka tsaya sosa kai, ka ɗauki takardarka ka koma ka tambaye shi.