Shelar Irin Shinkafa a Zauro

Jikata da ke karatu a Jamus ta ce mini manyan malamai na can, da na Ingila, sun daɗe suna gardama kan yadda za a kira jama'a ba a bar mata a baya ba. Na ce ta gaya musu sun makara. Ni da karatuna ya tsaya aji huɗu na riga su shan wahalar wanga zance, tun muna ƙarƙashin Sakkwato.

Lokacin ni ke riƙe lasifika a motar ofishin gona na Birnin Kebbi. A ba ni takarda, in bi Ambursa da Zauro har Argungu ina karantawa. Takardar wannan shekara ta ce manoma su zo ran Laraba su karɓi sabon irin shinkafa. Na karanta har muryata ta dushe.

Laraba ta wuce ban ga yayata ba. Mijinta ya rasu, ita ke noma fadamarsa a Zauro, kuma ambaliya ta cinye irin da ta ajiye. Na iske ta tana tsintar albasa.

"Yaya, ba ki ji shela ba?"

"Na ji, malam mai ƙaho. Manoma ka kira."

"To ke mi kike yi a fadama, wanka?"

"Tun da anka haife ka, ka taɓa jin an ce manoma, mace ta fito? In ana son mu, ana faɗi."

Saura Laraba ɗaya a rufe rabon iri, ruwa kuma ya kusa shiga fadama. Na roƙi shugabana a ƙara "maza da mata". Ya ce takarda daga Sakkwato ta zo, kuma manoma ya haɗa kowa. Na ce, yallaɓai, a ofis ya haɗa kowa, a Zauro bai haɗa ba. Ya ce in na ƙara ko harafi, in ajiye masa lasifikarsa.

Na ƙara. A Zauro kaɗai, sau ɗaya, bayan na tabbata direba ya shiga masallaci. Iyakar jarumtata ke nan a aikin gwamnati.

Mata kamar goma sunka zo, sunka tsaya cikin rana a bakin sito. Shugabana ya dube su, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce kowace ta turo maigidanta. Rabinsu ba su da wanda za su turo. Sunka juya ɗaya bayan ɗaya, yaya ta ƙi motsi. Da na gaji na ce ni ne namijin gidan. Nan take anka miƙo mini buhu, ni da ban taɓa riƙa lauje ba.

Ta ɗora shi a ka, ba ta yi godiya ba. Ta ce, "Ka gani? Ko kun kira mu, ku ke karɓa."

Ta yi shuka kwana biyu kafin ruwa ya zo. Sauran matan ban san abin da sunka shuka ba a wannan shekara. Ban tambaya ba.