Tabon Sarkin Tsakiya

A shataletalen da ke gaban ofisoshin gwamnati akwai mutum-mutumin tagulla na sarakuna uku, waɗanda suka je karɓo 'yancin ƙasa. Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Tsani yana kula da su. Shara da ban ruwan furanni kawai aka ɗauke shi ya yi. Gugar tagullar kuwa shi ya ɗora wa kansa, don a ganinsa abin kunya ne sarki ya tsaya a bainar jama'a da kore-kore a fuska kamar tsohuwar tasa.

Duk Asabar zai jingina tsaninsa, ya kwaɓa toka da lemun tsami da yashi mai laushi, ya hau. Sai ya yi sallama kafin ya taɓa fuskar kowannensu. Matarsa kan ce, "Malam, da ni kake kula da ni haka, ai da na fi amarya sheƙi." Shi dai sai ya yi dariya ya ɗauki bokitinsa. Burinsa ɗaya ne, wata rana jinin sarakunan nan ya zo ya gani, ya ce an riƙe amana.

Saura wata biyu ya yi ritaya sai ga wata tsohuwa da sanda, 'yar autar sarkin da ke tsakiya. Ta ce hotunan mahaifinta sun ƙone a gobara tun da daɗewa, ta zo ta ga fuskarsa kafin idonta ya ƙarasa mutuwa. Baba har rawar jiki yake, don jiya-jiya ya yi guga.

Ta daɗe tana kallo.

"Bawan Allah, wanne ne babana?"

"Na tsakiya mana, ranki ya daɗe."

"A'a. Babana yana da tabo a gira. Ranar da aka buɗe wurin nan na gani da idona, maƙerin bai manta da shi ba. Wannan kuwa sumul yake, ko hancin ma ba nasa ba ne."

Baba ya tuna tabon. Ya tuna yadda datti ke maƙalewa a cikinsa, da yadda ya yi ta dirzar wurin da yashi shekara da shekaru har ya daina ba shi wahala. A lokacin daɗi ya ji. Yanzu kunya ce ta rufe shi, da baƙin cikin da bai taɓa jin irinsa ba.

"Halan canza shi aka yi?" in ji tsohuwar.

"Ba a canza shi ba, ranki ya daɗe," ya ce. "Ni na goge shi."