Ba Aljanun Dalar Masar Ne Suka Kashe Sa'idu Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Sa'idu, kuma har yau a garinsu akwai masu rantsuwa cewa aljanun Fir'auna ne suka kashe shi. 'Yarsa Rumasa'u da wannan labari ta girma. Na so a ce rubutun nan yabo ne da addu'a kawai kamar yadda aka saba, amma raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Sunana Bulus, ma'aikacin jinya ne ni a wani asibiti a nan Doha. Sa'idu mutumin Funtuwa ne, safiyo, yana awon fili da harsashi a wani kamfanin gini a Al Rayyan. Shekara huɗu muka yi a gida ɗaya a unguwar Madinat Khalifa, shi Musulmi ni Kirista, ba mu taɓa sa-in-sa a kan addini ba. Rigimarmu duk a kan dalar Masar take, domin in ya karanto sabon abu a kanta, to ranar ba za ka ci tuwonka da zafi ba.

Sana'arsa ce ta ja shi. Yakan ce duk wanda ya sha wuyar daidaita harsashin gida mai ɗaki uku, dole ya sara wa mutanen da suka daidaita gindin gini mai faɗin unguwa guda, fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, da igiya da katako da kayan sassaƙa na jan ƙarfe. A wurinsa na ji cewa ba rana ɗaya aka tashi da dala ba. Da farko kabarin manyansu shimfiɗaɗɗe ne kamar dakali, na tubalin laka. Sai aka koma dutse, aka ɗora dakali kan dakali ya zama hawa-hawa, daga baya aka koyi cike matakalan har gefen ya miƙe sumul. Shi ya gaya mini wasu duwatsun ta kogi ake kawo su lokacin ambaliya, kuma akwai tsohon zane da ke nuna mutum yana zuba ruwa a gaban katakon da ake jan kaya a kai, don yashi ya daskare. Ina jin sa ne da kunne ɗaya, ɗayan yana kan ƙwallo.

Dalar da ya fi so duk cikinsu ita ce karkatacciya, wadda aka fara ta a tsaye ƙwarai, da aka kai tsakiya sai magina suka ga alamar matsala suka kwantar da sauran. Wata Juma'a da la'asar muna shan shayi a kasuwar Souq Waqif tare da 'yan ƙasarmu, wani ɗalibi mai digiri na biyu ya ce masa, "Injiniya, ka daina wahalar da kanka. Wannan ai aikin aljanu ne, kowa ya sani."

Sa'idu ya ajiye kofi ya nuna masa hoton karkatacciyar a waya. "To gaya mini, wane irin aljani ne zai yi kuskuren awo, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya dawo yana gyara? Wannan ɗan'uwana ne, safiyo. Na san irin zagin da ya sha a wurin maigidansa ran nan."

Kowa ya yi dariya, amma shi ba wasa yake yi ba. Yana ganin maganar aljanu cin amanar leburori ce. An tono garin da maginan suka zauna, da wurin gasa burodinsu, da kaburburansu a kusa da dalar, har da sunayen rukuninsu da suka rubuta da jan fenti a jikin dutse. Don ya ja hankalina, har yakan ce an ga ƙasusuwan da suka karye aka ɗora su suka warke, wato su ma suna da nasu Bulus ɗin. Ya taɓa nuna mini dogayen benayen bakin teku ya ce, "Likita, in duniya ta daɗe, su ma waɗannan za a ce aljanu ne, a manta da mutanen da muka gani suna suma a kan ƙarfe da rana tsaka."

Da yana nan yau, ban san yadda zai yi da wayoyinmu ba. Kusan kowane mako sai an turo mini bidiyo, wani ya ce aljanu, wani ya ce halittu ne daga wata duniya, da hotunan da na'ura ta ƙirƙira. Masu turowar ba jahilai ba ne, har da masu sa farar riga irin tawa. Na tabbata da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bayani har sai sun toshe lambarsa.

A shekararsa ta ƙarshe ya samu hutu, kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan, ya sa hannu, ya je Masar ya yi mako guda. Ya dawo kamar wanda aka yi wa kyautar gida. Ya tura wa dangi hotonsa a duƙe cikin ƙuntataccen lungun dala, yana murmushi. Bayan wata biyar ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki bayan azahar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A nan Doha aka binne shi washegari, babu wanda ya ga gawarsa daga gida. Sai aka haɗa hoton da mutuwar, lissafi ya fita. Littattafan rubutunsa biyar da ya cika da Hausa don 'yan makaranta, waɗanda ni na ɗaure na aika gida, wansa Alhaji Lawal ya sa aka ƙone su a bayan gida.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Wata biyu kafin tafiyar, Sa'idu ya yi ta kukan ciwon ƙeya, na auna jininsa a falo da abin awona. Ya hau sosai, irin hawan da in a asibiti ne ba za mu bar mutum ya koma gida haka ba. Na ce gobe ya biyo ni. Ya ce, "Khalas, ya isa, Likita, bari mu gama filin nan tukuna." Na yi masa magana sau biyu, na gaji, na mayar da abin awon cikin durowa. Wata bakwai muna kwana gida ɗaya ban sake ɗaura masa shi a hannu ba. Da Alhaji Lawal ya kira ni yana cewa ai sun gano abin da ya faru, mutum ya je ya taɓa abin da ba a taɓawa, sai na ce Allah ya ji ƙansa, na yi shiru. Labarin aljanu bai ambaci sunana ba, shi ya sa na bar shi ya yi tafiyarsa.

Watan jiya Rumasa'u ta nemo lambata. Tana da shekara sha biyu lokacin, yanzu sha tara. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba Bulus, kai kake tare da shi. Don Allah ka gaya mini, gaskiya ne Abba tsafi ya je nema a kabarin Fir'auna?"

Na gaya mata komai, har da durowar. Hawan jini ne ya kashe mahaifinta, da taurin kansa, da sakacina. Da na gama, sai ta ce:

"Ni fa Baba, tun da aka ce haka ya mutu, in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai gabana ya faɗi. Ina tsoron ko ba ta halatta ba."

Na ce mata ni ba malaminsu ba ne, amma shekara huɗu ina ganin goshin ubanta a ƙasa, ban taɓa ganin lokacin salla ya wuce shi da gangan ba, kuma in ana so in faɗi haka a gaban Alhaji Lawal, a ba shi waya.

Me ya rage na Sa'idu? Littattafan sun zama toka. Gine-ginen da ya auna suna tsaye a Al Rayyan, ba wanda ya san da hannunsa a ciki. Kabarinsa yana nesa da duk wanda ya haifa. Abu guda da ya rage masa mai amfani shi ne addu'ar 'yarsa, kuma ita ce shiruna ya tare masa shekara bakwai. Rumasa'u ta ce ta yafe mini, ni ne dai ban iya yafe wa kaina ba tukuna. Kafin ta ajiye waya ta ce in yi haƙuri, an kira magariba, za ta je ta yi wa Abbanta addu'a.