Furar Safe da Allurar Barci: Shekara Bakwai Babu Yaya Ummaru

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Ummaru makwancinsa a Gummi, amma wallahi har gobe in na ga yaro dafe da kunci sai gabana ya faɗi. Yaya likitan haƙori ne, malami a jami'a. Ni kuwa ƙanwarsa ce, tsohuwar malamar firamare, ban san komai a likitanci ba sai abin da ya cika mini kunne da shi.

Abu guda ya sa a gaba: yadda za a yi wa yaro allurar barci a cire masa haƙori ya farka lafiya. Ya ce allurar ba ta son cikakken ciki. In yaro ya yi amai yana cikin barcin, sai ya koma masa huhu, shi ke nan. To, wace uwa ce a ƙasarmu za ta fito da ɗanta tun daga Nasarawa Burkullu, a kan wannan hanyar ta ƙasa, ba ta ɗura masa fura ba? Babu. In an tambaye ta a asibiti kuma sai ta rantse bai sa komai a baki ba, don ta san in ta faɗi gaskiya za a ce ta koma gida.

Yaya bai taɓa ganin laifinsu ba. Durƙusawa yake yi gaban mace, ya ce, "Inna, faɗa mini gaskiya, mi yas sha da sahe? Ba ni korar ki." Sai ya zaunar da su har cikin yaron ya sauka. Duk hutu yana yawo tsakanin Anka da Bukkuyum yana jin bakin iyaye mata, yana son ya fito da tsarin da kowane ƙaramin asibiti zai bi.

Ana cikin haka aka naɗa shi shugaban tsangayarsu a jami'a. Gari ya ɗauka, ana ta barka. Shi kuwa cewa ya yi da ni, "Taura biyu ba ta taunuwa, Rabi." Haka kuwa aka yi. Taro yau, taro gobe, rabon faɗan malamai, neman injin wuta. Mutumin da ya iya magana da matan ƙauye aka ɗaure a kujera har ciwo ya kwantar da shi. Binciken ya tsaya inda ya bar shi. Ɗalibansa kowa ya kama gabansa, yawanci birni. Jami'a ta rataye hotonsa a bango. To madalla, hoto dai!

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai gani? Hanyoyin da yake bi, yanzu sai da addu'a ake shigarsu saboda rashin tsaro. Uwar da ta iso asibiti da ƙyar, ta fi ta wancan lokacin ƙin a ce ta koma.

Kwanakin baya Hajara, ɗiyar ƙanenmu, ta kawo 'yarta daga ƙauye, kunci ya kumbura. A gabana ta dama mata fura. Da muka je asibiti, wani ma'aikaci ya tambaye ta a tsaye ko yarinya ta sha wani abu, ko kallonta bai yi ba. Ta ce yarinya ba ta sha komai ba. Na ce, "Ta sha, a gidana ma." Aka ce su dawo wani makon. Hajara ta dube ni da hawaye, ta ce, "Gwaggo, kin san hanyar da muka biyo kuwa?" Ta ja 'yarta ta tafi tana fushi da ni.

Yarinyar tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Amma abin da ya rage na aikin Yaya ke nan: tsohuwa guda mai tona wa iyaye asiri. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Da an bar ka ka gama, da ran yaro bai rataya a kan ko gwaggon uwarsa ta rako shi ba.