Ƙugiya a Cikin Hula

A Jakara, cikin shekarar nan ta bama-bamai, wani dattijo yana tsugune gaban mai sayar da ƙugiya. Yatsunsa duk tabon igiyar fatsa ne, yana gwada kaifin kowace a farcensa.

"Kaka ta yi," in ji shi. "Yanzu a Tiga giwan ruwa na biyo ƙananan kifi har bakin gaɓa."

Mai rumfa yana dariya. "Baba Ari, kafin ka ƙetare shingayen sojoji ya ruɓe. Kama tarwaɗa, ita ke isowa da rai."

Baba Ari ya sayi ƙananan ƙugiyoyi na tarwaɗa, don dole gida a ci. Amma ina zargin zuciyarsa ba ta yarda ba. Ga shi ya ƙara babba guda ta giwan ruwa, yana soke ta cikin hula, inda iyalinsa ba sa dubawa.